Funfunar Saiwa da Juriyar Fari: Darasi Daga Noman Lilin

Gabatarwa

Manomi yakan auna ƙarfin gonarsa ne da abin da idonsa ya gani: launin ƙasa, laushinta, irin ciyawar da ke tsiro a cikinta, da yawan damman da ya ɗaure a kakar bara. Sai dai a cikin ƙasar akwai ɗimbin ƙananan halittu waɗanda ido ba ya iya ganinsu, kuma aikinsu yana da hannu wajen albarkar gona ko rashinta. Daga cikinsu akwai wata funfuna da ke zama a jikin saiwar shuka, tana taimaka mata wajen samun abinci da ruwa. Masana kimiyya suna kiran wannan zama na tare da suna maikoraiza. A cikin wannan jagora za mu kira ta funfunar saiwa.

An zaɓi shukar lilin don yin wannan bayani domin tana cikin amfanin gonar da suka fi dogara ga wannan funfuna, kuma an daɗe ana nazarinta a ƙasashen da ake nomanta. Ba a noman lilin don kasuwa a Nijeriya. Amma funfunar da ke yi wa lilin aiki a Kanada da Habasha, irinta ce ke jikin saiwar masara da dawa da gero da wake da gyaɗa da rogo a gonakinmu. Saboda haka abin da manoman lilin suka koya, wani lokaci bayan sun tafka asara, darasi ne ga malamin gona da manomi a nan gida.

Shukar Lilin

Lilin, wanda Larabawa ke kira kattan, masana kuma Linum usitatissimum, shuka ce ta shekara ɗaya mai siririn kara da shuɗin fure. Yana cikin tsofaffin abubuwan da ɗan Adam ya fara nomawa, don mutanen tsohuwar Masar da zarensa suke saƙa tufafi. Ana nomansa don abu biyu. Na farko zare, wanda ake samu daga ɓawon karansa kamar yadda muke samun igiya daga rama, kuma Faransa ce kan gaba a wannan fanni. Na biyu ƙwaya, wadda mai ya kai wajen kashi 40 cikin ɗari na nauyinta. Ana amfani da man wajen haɗa fenti, ana cin ƙwayar, ƙuli-ƙulinsa kuma abincin dabbobi ne. Rasha da Kazakistan da Kanada da Sin su ne manyan masu noman ƙwayar, a Afirka kuwa Habasha ce ke gaba, inda suke kiransa telba.

Lilin yana son wuri mai sanyi, kuma yana nuna cikin kwana 90 zuwa 120. Rauninsa yana wajen saiwa: gajeruwa ce, ba ta da rassa da yawa, ba ta kuma bazuwa cikin ƙasa kamar ta alkama ko dawa. Wannan ne ya sa ba ya iya neman abinci da ruwa da kyau shi kaɗai, sai da mataimaki.

Mece ce Funfunar Saiwa?

Funfunar saiwa dangin naman kaza ce da funfunar da ke fitowa a jikin abinci, amma ita ba ta ruɓar da komai, ba ta kuma jawo cuta. Wani masanin tsirrai Bajamushe mai suna Albert Bernhard Frank ne ya raɗa mata suna maikoraiza a 1885, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin funfuna da saiwa. An ƙiyasta cewa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na nau'o'in tsirran doron ƙasa suna zama da irin wadda muke bayani a kai. Biyu daga cikin nau'o'inta da aka fi yin gwaji da su su ne Funneliformis mosseae da Rhizophagus irregularis, waɗanda a tsofaffin littattafai za a same su ƙarƙashin sunan Glomus.

Jikin funfunar zare-zare ne sirara ƙwarai, sun fi gashin kai siranta wajen sau goma. Idan ƙwayar irinta ta tsira kusa da saiwa, sai zaren ya kutsa ciki, ya yi rassa kamar ƙaramar bishiya a cikin ƙwayoyin naman saiwar. A nan ne ake musaya. Shuka tana ba funfuna sukari da maiƙo daga abincin da ganyenta ya haɗa da hasken rana, wanda kan kai kashi 4 zuwa 20 cikin ɗari na abin da ta haɗa. Ita kuma funfuna tana miƙa sauran zarenta waje cikin ƙasa, tana janyo sinadarai tana kawo wa shuka. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan.

Abu ɗaya da ya kamata a riƙe da kyau shi ne, wannan funfuna ba ta iya girma ko hayayyafa sai a jikin saiwa mai rai. In babu shukar da za ta karɓe ta, sai dai ta kwanta a matsayin ƙwayar iri ko cikin guntayen busasshiyar saiwa, tana raguwa a hankali. Kusan duk shawarwarin da ke cikin wannan jagora daga wannan batu suka samo asali.

Kada a haɗa ta da ƙurajen da ake gani a saiwar wake da gyaɗa da waken suya. Waɗancan aikin bakteriya ne masu samar da sinadarin naitirojin daga iska. Funfunar saiwa ba ta yin ƙuraje, kuma ba a ganinta sai da madubin ɗakin gwaji. Dangin wake suna ɗauke da su duka biyun, kuma ƙurajen sun fi yin aiki idan funfuna ta wadata shukar da fosfaras.

Yadda Take Ƙara Amfani

Babban aikinta shi ne samar da sinadarin fosfaras, wato abin da manomi ke nema idan ya sa takin sufa. Fosfaras ba ya yawo cikin ƙasa kamar yadda sinadarin yuriya ke bin ruwa. Yana maƙalewa ne a jikin ƙwayoyin ƙasa. Saboda haka saiwa takan shanye wanda ke kewaye da ita, tazarar milimita 1 zuwa 2 kacal, sannan ta rasa, alhali ga shi nan jibge ɗan nesa kaɗan. Zaren funfuna yana tsallake wannan wuri da aka shanye, ya yi nisan santimita da dama, wani lokaci har 10 ko fiye, ya ɗebo ya kawo. Haka kuma yake yi da sinadarin zinki da na tagulla, waɗanda shuka ke buƙata kaɗan-kaɗan amma ba ta iya rayuwa in babu su.

Ga shuka mai ƙarancin saiwa irin lilin, wannan taimako ba ƙarami ba ne, musamman a makonnin farko bayan tsiro. Lilin da ya samu fosfaras da wuri yana yin rassa da fure da yawa, ya ɗauki 'ya'ya, ya nuna a kan kari. Wanda ya rasa kuwa yakan tsumbure. Idan zinki ne ya yi ƙaranci, ganye yakan yi ɗorawa, kan shukar ya mutu, ta koma tana toho daga ƙasa, abin da ke jinkirta girbi.

Darasi Daga Kanada

A jihohin Saskacewan da Manitoba na Kanada, manoma suna juya lilin da alkama da kanola, wata shukar mai dangin kabeji. An lura cewa lilin da aka shuka bayan kanola yakan taso da rauni, amfaninsa kuma ya gaza na wanda aka shuka bayan alkama. Binciken da aka yi a Manitoba ya nuna cewa saiwar lilin da ya biyo bayan alkama ta fi ɗaukar funfuna da wuri. Dalili shi ne dangin kabeji ba sa karɓar funfunar saiwa. Gonar da ta shekara da kanola, funfunarta ta shekara da yunwa ke nan.

Mai karatu zai ce, to ai sai a ƙara taki. A nan ma lilin yana da nasa hali. Sau da yawa ba ya nuna wani bambanci idan an zuba masa takin fosfaras a shekarar da aka shuka shi, kuma idan takin ya haɗu da iri a rami ɗaya yakan ƙona tsiron. Don haka shawarar da ake ba manoma a can ita ce su guji shuka lilin bayan kanola, su sa shi bayan hatsi ko dangin wake, su gina ƙarfin fosfaras na gonar ta hanyar takin da suke ba shukar da ta gabace shi, in kuma za su sa masa taki to a binne shi a gefe, nesa kaɗan da iri.

Darasi Daga Ostareliya

A yankin Darling Downs na jihar Kwinslan, ƙasar baƙar laka ce mai tsagewa da rani, irin firgin da ake dasa masakwa a kansa a Barno. Saboda ƙarancin ruwan sama, manoma kan bar gona fayau, babu shuka babu ciyawa, na tsawon shekara guda ko fiye, domin ƙasa ta tara laima. Abin mamaki, shukar da aka sa bayan wannan dogon hutu sau da yawa takan tsumbure duk da ga laima ga ƙasa mai ƙarfi, kuma lilin na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A shekarun 1980 wani masani mai suna John Thompson ya nuna cewa mutuwar funfunar saiwa ce sanadi. Shukar tana fama da rashin fosfaras da zinki ne domin babu mai ɗebo mata. Da aka mayar da funfunar cikin irin wannan ƙasa a gwaji, sai lilin ya farfaɗo.

A lura da kyau: wannan hutu ya bambanta da saurar da muka sani. Gonar da aka bari ta yi ciyawa da sabara da kalgo tana cike da saiwa mai rai, funfuna kuma tana ƙaruwa a cikinta. Hutun da ke kashe ta shi ne na ƙasa tsirara.

Juriyar Fari

Lilin ya fi jin jiki idan ruwa ya ɗauke masa a lokacin fure da lokacin da ƙwaya ke cika, kamar dai yadda masara ke yi idan ruwa ya tsaya tana fitar da gemu. Tun farkon shekarun 1990 masana a Jamus suka yi nazarin yadda funfunar saiwa ke sauya yadda lilin ke sarrafa ruwa. Haka kuma a Jami'ar Urmiya ta ƙasar Iran an yi gwajin fili a 2014 da 2015, inda aka shayar da lilin a matakai uku, daga wadatar ruwa zuwa matsanancin ƙishi, aka kuma samu cewa wanda aka sa wa funfuna ya fi jure ƙishin. Ga hanyoyin da wannan taimako ke biyowa:

1. Zaren funfuna yana shiga ƙananan ƙofofin ƙasa waɗanda saiwa ba ta iya kutsawa, inda ɗan ruwa ke saura bayan manyan ƙofofi sun bushe. Yana kuma haɗa saiwa da ƙasa a lokacin da bushewa ke neman raba su.

2. Yayin da ƙasa ke bushewa, motsin fosfaras yana ƙara raguwa, har shuka ta shiga yunwa a kan ƙishi. Funfuna tana ci gaba da kawo shi, kuma shukar da ta ƙoshi tun tana ƙarama ta riga ta yi saiwa mai zurfi kafin fari ya zo.

3. A jikin ganye akwai ƙananan ƙofofin numfashi waɗanda shuka ke rufewa idan ta ji ƙishi. Da zarar sun rufe, haɗa abinci ya tsaya. Shukar da ke da funfuna takan daɗe ba ta rufe su ba, takan kuma yi saurin buɗewa idan ruwa ya dawo.

4. Irin wannan shuka takan fi tara sukari da wasu sinadarai masu riƙe ruwa a cikin ƙwayoyin jikinta, tare da waɗanda ke kare ganye daga ƙunar zafi da bushewa.

5. Zaren funfuna yana ɗinke ƙwayoyin ƙasa su zama ƙananan dunƙule. Ƙasa mai dunƙule tana shan ruwan sama maimakon ya gudu a kanta, tana riƙe shi, ba ta kuma saurin zaizayewa.

Duk da haka, kada malamin gona ya faɗa wa manomi abin da ya wuce gaskiya. Funfunar saiwa ba ta kawo ruwan da babu shi. Amfaninta ya fi bayyana a tsaikon ruwa na 'yan kwanaki ko makonni, da kuma a ƙasa mai ƙarancin fosfaras. Idan fari ya yi tsanani har ƙasa ta bushe ƙurmus, shuka da funfuna duka za su galabaita. A ƙasar da aka cika wa takin fosfaras kuwa, shuka takan rage karɓar funfunar, don ba ta ga dalilin ciyar da ita ba.

Alaƙar Wannan da Gonakinmu

Ƙarancin fosfaras matsala ce sananniya a yawancin ƙasar noma ta yankin sabana, tsaikon ruwa a farkon damina da tsakiyarta kuma ba baƙon abu ba ne. Yanayin da funfunar saiwa ta fi amfani a cikinsa ke nan. Rogo, mai kaurin saiwa da ƙarancin gashin saiwa, yana cikin waɗanda suka fi dogara gare ta. Binciken cibiyar CIAT a ƙasar Kolombiya ya nuna cewa rogon da aka dasa a ƙasar da aka kashe wa funfuna ba ya yin kirki sai an zuba masa fosfaras mai yawan gaske. Wake da gyaɗa da waken suya da masara da albasa da auduga duk suna cin moriyarta. Kabeji da danginsa ba sa karɓarta, alayyafo ma bai cika hulɗa da ita ba. Shinkafar da ke zaune cikin ruwa tsawon lokaci tana rage yawanta, domin funfunar tana buƙatar iska.

Akwai kuma alaƙa tsakaninta da ƙuduji, wato wuta-wuta. Idan shuka ta ji yunwar fosfaras, saiwarta tana fitar da wani sinadari mai suna sitirigolakton. A 2005 masana a Japan suka gano cewa wannan sinadari kira ne ga funfunar saiwa. Amma shi ne kuma ke tayar da irin ƙuduji daga barci. Idan funfuna ta shiga saiwa ta wadata shuka, fitar sinadarin yana raguwa. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dawa a arewacin Kamaru sun nuna raguwar ƙuduji inda aka sa funfunar. Wannan ba zai maye gurbin iri mai juriya da cire ƙuduji kafin ya yi fure ba, amma ƙarin makami ne.

Shawarwari ga Manoma

1. A riƙa juya shuka. Bayan kabeji ko shinkafar fadama da ta daɗe cikin ruwa, a fara sa dawa ko gero ko ciyawar dabbobi, kafin a kawo shuka mai tsananin buƙatar funfuna irin albasa ko wake.

2. A ci gaba da haɗa hatsi da wake ko gyaɗa a gona ɗaya. Wannan tsohuwar al'ada tana ciyar da funfuna da saiwa iri-iri.

3. A rage yawan kaftu da haro inda babu buƙata. Kowane juyin ƙasa yana tsinka zaren funfuna, sai ta sake saƙa daga farko.

4. Kada a bar gona tsirara da damina. In ba za a noma ta ba, a shuka mata wake ko wani abin rufe ƙasa.

5. A bar wasu itatuwa irin gawo, da kututturan sabara da kalgo, domin saiwarsu tana da rai a tsawon rani.

6. A bar ragowar kara da ganye a gona gwargwadon hali, a daina ƙona su, a kuma tare zaizaya da kunya ko jeren duwatsu. Mafi yawan irin funfunar yana cikin ƙasar sama, wadda ruwa da iska ke fara kwashewa.

7. A sa takin sufa ko kamfa daidai adadin da aka ba da shawara, a haɗa da takin gargajiya. Funfuna ba ta ƙirƙirar fosfaras, wanda ke cikin ƙasa take ɗebowa, don haka dole a riƙa mayar wa gona abin da girbi ya kwashe.

8. A yi hattara da magungunan kashe funfuna masu shiga jikin shuka, irin su kabendazim, musamman zuba su cikin ƙasa. A yi amfani da su ne kawai idan akwai cuta, kuma bisa ƙa'idar da ke jikin kwalba.

Batun Sayen Irin Funfuna

Akwai kamfanoni a duniya da ke sayar da irin funfunar saiwa a ƙunshe, gari ko ruwa. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya gwada irin waɗannan kayayyaki daga nahiyoyi daban-daban, ya samu cewa mafi yawansu ba su shiga saiwa ba. Abu ne mai rai, kuma zafi da daɗewa a shago suna kashe shi. Ban da haka, yawancin gonaki suna da tasu funfunar ta asali wadda ta saba da ƙasar. Kula da ita ya fi arha, ya kuma fi tabbas. Wanda ya ga lalle sai ya saya, ya duba rajistar hukuma da ranar lalacewa, ya gwada a 'yan kunyoyi kaɗan, ya bar wasu a gefe ba tare da ita ba don ya kwatanta.

Inda sa irin funfuna ya fi amfani shi ne gadon renon tsirrai, da ƙasar da zaizaya ko haƙar ma'adinai ta lalata. Ana iya hayayyafa ta a gida. A ɗebo ƙasa daga ƙarƙashin ciyawa ko itatuwa a wurin da aka daɗe ba a nome ba, a gauraya da yashi, a zuba a buhu ko tukwane, a shuka masara da wake tare. Bayan kamar wata 3 a daina ban ruwa, a yanke kara, a bari ƙasar ta bushe a inuwa, sannan a daddatsa saiwar a gauraya da ƙasar. Cikin tafi ɗaya a kowane ramin dashe ya isa. Kada a ɗebo ƙasa daga inda aka san akwai ƙuduji ko tsutsar saiwa ko cutar yaushi, don kada garin neman gira a rasa ido.

Ga Malaman Gona

Idan an ga shuka ta tsumbure, ganyen masara ya yi ja-ja, ko tsakanin jijiyoyin ganye ya yi ɗorawa, alhali an sa taki kuma akwai laima, a tambayi manomi tarihin gonar: me aka shuka bara, ko ruwa ya kwanta a kanta, sau nawa aka kafce ta, wane magani aka zuba. Ana iya tono sirāran saiwoyi, a wanke, a kai ɗakin gwaji, inda ake dafa su cikin sinadari a rina su da tawada da ruwan tsami na binega don a ga funfunar a madubi. Gonar gwaji mai kashi biyu, ɗaya bayan kabeji ɗaya bayan dawa da wake, an shuka musu iri ɗaya da taki ɗaya, takan fi dogon jawabi gamsar da manoma, domin gani ya kori ji.

Kammalawa

Manoman lilin a Kanada da Ostareliya sun gano cewa abin da aka shuka bara, da yadda aka bar gona tsakanin girbi da shuka, suna iya rage amfanin bana ko da an sa taki. Kiyaye funfunar saiwa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: juya shuka, haɗa hatsi da wake, rage kaftu, rufe ƙasa, da sa taki daidai wa daida. Domin ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona mafi kusa ko ofishin hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha.